Ranar tunawa da waɗanda yaƙi ya ci: ta mamata ce ko ta masu mulki?

Kundin_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so a warware da hujja, ba da zafin rai ba. Kusan kowace ƙasa tana da ranar da take tuna sojojinta da suka kwanta dama a fagen daga. Ingila da Faransa na riƙe da 11 ga Nuwamba, Rasha 9 ga Mayu, Ostireliya 25 ga Afrilu, Najeriya 15 ga Janairu. Abin da nake cewa shi ne, ranar da aka zaɓa ita ke yanke wanda za a tuna da wanda za a manta, tun kafin a busa begila ko a ajiye fure ɗaya. In ka ɗauki ranar nasara, waɗanda aka ci da yaƙi sun fita daga lissafi. In ka ɗauki ranar tsagaita wuta, ka buɗe wa kowa ƙofa. Haka abin yake ko na yi kuskure? Kuma a aikace, wa ke zaɓar ranar, da wace doka?

Tsohon_Samanja:
Wa alaikumus salam, Malam Kundi. Kafin a faɗa siyasa a fara sanin inda abin ya samo asali, don kusan duk abin da ake yi a filin fareti yau daga yaƙin duniya na ɗaya aka gaje shi. Da asubahin 11 ga Nuwamba 1918 aka sa hannu kan tsagaita wuta a cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Kompiyen na Faransa, bindiga ta yi shiru ƙarfe 11 na safe. Da shekara ta zagayo, Sarki Joji na Biyar na Ingila ya nemi kowa ya tsaya cik na minti biyu a daidai wannan sa'a. Ginin nan da suke zagayewa a Landan kuwa kabari ne da ba gawa a ciki. A 1919 da katako da filasta aka yi shi don fareti guda, da aka ga jama'a sun ƙi daina kai furanni sai aka sake shi da dutse a 1920. Me ya kawo kabari babu gawa? Gwamnatin Ingila ce ta hana a mayar da gawar kowa gida, hafsa ne ko kurtu, ga kuma ɗaruruwan dubbai da ba a ma ga gawarsu ba. Uwa ba ta da kabarin da za ta je ta tsaya. Ka ga tushen abin rashin gawa ne, daga baya siyasa ta hau kai.

Hajjo_Mai_Alli:
Yallaɓai Samanja ban ƙi ta taka ba. Amma Malam Kundi, maganarka ta cewa ranar tsagaita wuta tana buɗe wa kowa ƙofa ba ta zauna ba. Jamusawa ba sa tunawa da mamatansu ran 11 ga Nuwamba, don a wurinsu ranar shan kaye ce, ko da wane suna aka kira ta. Tasu ranar wata Lahadi ce a tsakiyar Nuwamba, suna ce mata ranar makokin al'umma. Ita ce ma misalin da ya fi nuna yadda mai mulki ke murɗa irin wannan rana. A 1934 'yan Nazi suka sauya mata suna ta koma ranar tuna jarumai. A 1939 aka ɗaure ta da 16 ga Maris, ranar da Hitila ya dawo da aikin soja na tilas, tutar da ake sassautawa aka riƙa ɗaga ta har ƙololuwa. Mamatan dai su ne na jiya, ba a ƙara ba a rage ba, amma makoki ya koma kirari. A 1952 Jamus ta Yamma ta tsayar da ita a ƙarshen shekara da sunanta na asali.

Ɗan_Jarida_Sak:
Ba sai an je nesa ba. Najeriya ma da 11 ga Nuwamba take yi kamar sauran ƙasashe renon Ingila, bayan yaƙin basasa aka mayar da ita 15 ga Janairu don ranar ce Biyafara ta miƙa wuya a 1970. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. 15 ga Janairu 1966 ita ce ranar juyin mulkin farko, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firimiya Akintola da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da ministan kuɗi Okotie-Eboh. Rana ɗaya, ma'ana uku: ga soja ranar da yaƙi ya ƙare, ga Arewa ranar da aka yi mata babban rashi, ga mutanen Gabas ranar da aka ci su. Jawabin hukuma na farkon kawai yake ɗauka.

Baban_Ummi:
Ɗan ƙarin gyara ga Ɗan_Jarida. Tun 12 ga Janairu Philip Effiong, wanda ya karɓi ragamar Biyafara, ya yi shelar ajiye makamai ta rediyo, bayan Ojukwu ya bar ƙasar. Abin da aka yi ran 15 shi ne miƙa wuya a hukumance gaban Janar Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Wato akwai wata ranar da za a iya ɗauka in da an so kauce wa karon. Sannan ka yi tuya ka manta da albasa, ba 'yan siyasa kaɗai aka kashe a 1966 ba. Akwai Birgediya Zakariya Maimalari, Birgediya Samuel Ademulegun, Kanar Kur Mohammed, Kanar Ralph Shodeinde, Laftanar Kanar Abogo Largema, Laftanar Kanar James Pam da Laftanar Kanar Arthur Unegbe. Sojoji ne, a bakin aiki suka mutu, a wannan kwanan wata, amma ba abokan gaba na waje ne suka kashe su ba. Shin suna cikin waɗanda ake ajiye wa furen? A lura kuma, ranar ba hutu ba ce, ana zuwa aiki da makaranta.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku duka kuna ta lissafa masu kaki. Mafi yawan waɗanda yaƙin basasa ya ci fararen hula ne, yunwa ce ta kashe su, akasari yara. Ba su da rana a kalandar gwamnati. Shi ya sa mutanen Kudu maso Gabas suka riƙe 30 ga Mayu, ranar da aka ayyana Biyafara a 1967, kuma kusan kowace shekara sai an yi ja-in-ja da jami'an tsaro a kanta, don hukuma na kallonta a matsayin ranar ɓallewa, su kuma da dama suna cewa ta makoki ce. Haka mutanen Asaba ke tuna kisan Oktoban 1967 da kansu. Inda hukuma ta bar gurbi, wani ne zai cike shi da irin tasa fassarar.

Kundin_Tarihi:
Na karɓi gyaran Hajiya Hajjo, tsagaita wutar wani shan kayen wani ce. Amma rabin tambayata na nan ba a taɓa ba: wa ke sa hannu?

Lauyan_Zaure:
Hanya uku ce, Malam Kundi, kuma ƙarkonsu ba ɗaya ba. Akwai dokar majalisa, akwai umarnin shugaban ƙasa, akwai al'adar runduna wadda ba a rubuta a dokar hutu ba. Wadda aka kafa da umarni, umarni ke rushe ta. A Faransa Shugaba Giscard d'Estaing ya soke bikin 8 ga Mayu, ranar nasara kan Jamus a yaƙin duniya na biyu, a 1975 don a sasanta da Jamus, tsofaffin sojoji suka tayar da ƙura, Mitterrand ya dawo da shi a 1981.

Wadda ta fi ɗaure kai ita ce ta yaƙin Aljeriya. An tsagaita wuta 19 ga Maris 1962. Wasu ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka ce ita za a riƙe, wasu suka ce sam, don bayan wannan ranar an ci gaba da kashe Turawan da ke zaune can da kuma 'yan Aljeriyan da suka yi wa Faransa aikin soja. A 2003 Chirac ya ɗauki 5 ga Disamba, ranar da ba abin da ya faru cikinta a yaƙin, illa dai ita ce ya buɗe ginin tunawa a Faris shekara guda kafin nan. A 2012 majalisa ta amince da 19 ga Maris ba tare da soke waccan ba. Yanzu yaƙi ɗaya, rana biyu, kowa na zuwa tasa.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar. 16 ga Disamba ranar da Turawan Bowa ke tuna galabarsu kan Zulu a 1838 ce, kuma ranar ce reshen ANC mai ɗauke da makami ya fara aiki a 1961. Daga 1995 aka bar kwanan watan a inda yake, aka raɗa masa ranar sasantawa.

Mai_Begila:
Tunda ana ta maganar rana, bari in faɗi abin da ake yi a cikinta, don da yawa kallo kawai suke a talabijin. A rundunonin da suka gaji tsarin Ingila jerin kusan ɗaya ne. Masu gadi huɗu su tsaya a kusurwoyin ginin tunawa, bakin bindiga a ƙasa, kai a sunkuye. Babban baƙo ya iso, a yi taken ƙasa, ya duba fareti. Limami da fada su yi addu'a. Sai begila ta busa kiran ƙarshe, wanda asalinsa kiran rufe bariki ne da dare. Sai shiru, minti ɗaya ko biyu. Sai kiran tashi na asuba. Daga nan ajiye furanni bisa muƙami. A Abuja shugaban ƙasa ke farawa, sai mataimakinsa, shugabannin majalisu biyu, alƙalin alƙalai, ministan tsaro, manyan hafsoshi, sufeton 'yan sanda, shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiya, da wakiliyar matan da suka rasa mazajensu. Ku duba inda take a layin.

Kurakuran da aka fi yi kuwa, na farko tuta. Ba a ɗaga ta a tsayar a tsakiya kai tsaye. Sai ta kai ƙololuwa tukuna a sassauto da ita, da yamma ma sai an sake kai ta sama kafin a sauke. Ingila kashi ɗaya cikin uku na sandar take saukowa, Amurka rabi. Ta Saudiyya ba a sassauta ta ko kaɗan saboda kalmar shahada da ke jiki, masu jera tutocin baƙi su kiyaye. Na biyu, mutane na haɗa harbi uku na 'yan bindiga da harba igwa sau 21. Ba ɗaya ba ne. Harbi uku na mamaci ne, da harsashi marar kai mai ƙara kawai. Igwa 21 gaisuwar shugaban ƙasa ce. Na uku, shirun. Dole a sa mutum ɗaya da agogo wanda shi kaɗai zai ba mai begila alama, in ba haka ba minti biyu sai ya koma daƙiƙa 40, don shiru yana yi wa manyan baƙi tsawo. Na huɗu, sumewar sojoji. Wanda ya sandare gwiwa ya tsaya awa biyu cikin rana bai karya ba, jini zai taru masa a ƙafa ya kife. Maganinsa a motsa yatsun ƙafa cikin takalmi, kuma kada a fito da fareti da wuri a bar shi yana jiran baƙon da ya makara.

Baban_Ummi:
Oga Mai_Begila ka tsallake tantabarun 2021 da suka ƙi tashi gaban Buhari, har aka yi mako ana fassara abin kamar mafarki.

Mai_Begila:
Baban Ummi, ba wata ishara a ciki. Tantabarar da ake saki a taro dole ta zama mai gida, wadda aka horar ana kai ta nesa kaɗan-kaɗan tana komawa ɗakinta. Ita ce da an buɗe keji take fita da ƙarfi don ta san inda ta nufa. In aka sayo farare don kyan launi, aka cusa su keji tun jiya, ga ƙarar bindiga ga badujala, tsuntsu zai lafe ne inda yake ganin ya fi tsira. Sai a rage lokacin da suke yi a kulle, a ajiye kejin a inuwa, ƙofar ta buɗe gaba ɗaya ta sama, kuma kada a sake su dab da faɗuwar rana.

Almajirin_Malam:
Allah gafarta malamai, ni abin da ke damuna daban ne. Tsayuwar shiru da ajiye fure gaban gini, mamaci na amfana da su? Musulmi ya halatta ya shiga?

Malam_Na_Zaure:
Almajiri, malamai sun saɓa. Akwai waɗanda suka hana, suna cewa ba ta da asali a sunna kuma koyi ne da wasu. Akwai masu ganin tsarin hukuma ne ba ibada ba, mutum ya cika shirun da addu'a a zuciyarsa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne addu'a da sadaka da biyan bashin mamaci da kula da marayunsa su ke isa gare shi. Tuna waɗanda suka faɗi a yaƙi kuwa yana da asali. Shahidan Uhudu 70 ne. An binne su inda suka faɗi, da tufafinsu, ba a yi musu wanka ba, har waɗanda dangi suka ɗauka za su kai Madina aka ce a mayar da su. Ana haɗa biyu a kabari ɗaya, a gabatar da wanda ya fi haddar Alƙur'ani. Kuma ya zo a Buhari daga Uƙbatu ɗan Amir cewa bayan shekara takwas Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita ya yi musu addu'a kamar mai bankwana. Abin lura ga wannan muhawara, malaman sira sun rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da ƙabilar kowa.

Mai_Rajista:
Malam ya taɓo inda nake jira. Fareti awa biyu ne, abin da ke saura shi ne kundin sunaye, kuma a nan siyasar ta fi zurfi don ba a ganinta a talabijin. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, tana riƙe da sunaye kimanin miliyan 1.7 a wurare 23,000. Ƙa'idarta a takarda ita ce kowa da sunansa, dutsen janar da na kurtu girma ɗaya. Amma binciken da ita kanta ta fitar a 2021 ya nuna ba a bi ƙa'idar ba a kan baƙaƙe da 'yan Asiya na yaƙin farko. Tsakanin 45,000 da 54,000 an tuna su ba daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Yawancinsu 'yan dako ne da leburori na Gabashin Afirka da Masar. Ba mantuwa ba ce, shawara aka yanke. Gwamnan ƙasar da ake kira Gana yanzu, Guggisberg, ya ce a 1923 wai ɗan ƙasa ba zai gane darajar dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Ingila ya nemi afuwa a majalisa a Afrilun 2021.

Ko inda ba wariya, wajibi ne a ja layi, kuma kowane layi akwai wanda yake barin waje. Hukumar na ƙirga wanda ya mutu daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921, sai 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Raunin yaƙi ya kashe ka kwana ɗaya bayan haka, ba ka ciki. Ƙofar Menin a Baljiyam ta ɗauki sunaye sama da 54,000 na waɗanda ba a ga gawarsu ba, bango ya ƙare, sai aka tsaya a 15 ga Agusta 1917, kusan 35,000 da suka rage aka kai su wani bangon a Tyne Cot. Tsarin jera sunan ma magana ce. Bangon yaƙin Biyetnam a Washinton na da sama da 58,000, an jera su bisa ranar da suka faɗi, ba muƙami ba, ba harafi ba, don wanda ya tsira ya tarar da abokansa wuri guda.

Tsohon_Samanja:
Kundin nan da Mai_Rajista ke magana tun daga wuyan soja yake farawa. Farkon yaƙin 1914 alamar shaida ɗaya sojan Ingila ke ratayawa. Ya faɗi, a cire ta a kai ofis don a rubuta ya mutu, gawa ta zauna ba suna, masu binnewa su zo bayan kwanaki ba su san ko wane ne ba. A 1916 aka mayar da ita biyu, ja mai zagaye a cire, koriya mai kusurwa takwas ta zauna a jiki. Yarjejeniyar Janiba ta farko ta 1949, sashe na 16 da 17, ta mayar da wannan doka: a rubuta bayanan mamacin abokin gaba ma, rabin alamar ya zauna tare da shi, a binne shi bisa addininsa in da hali, a yi wa kabarin alama, kada a ƙone gawa sai da dalilin lafiya mai ƙarfi ko addinin mamacin. Sojojinmu na yaƙin Bama, runduna ta 81 da ta 82, matsalarsu wata ce daban. Akawun ɗaukar soja kan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari a maimakon na uba, da irin rubutun da kunnen Bature ya ji. Mai neman kakansa a kundi, in ba shi da lambar soja, aiki ne ja a gabansa.

Gwaggon_Marayu:
Allah ya saka, Baba Samanja. A ƙara da takardar magaji. Yaro ya shiga soja yana ɗan shekara 19, ya rubuta wansa ko mahaifinsa. Ya yi aure, ya haifi huɗu, bai koma ya sauya ba. Ranar da ta Allah ta kasance, ofis da abin da ke fayil yake aiki, matar da yaran sai abin da dangi suka ga dama. Duk soja ya sabunta takardar nan da zarar ya yi aure ko an yi masa haihuwa, matar ta ajiye kwafin takardar aure, ta haihuwar yara, da lambar mijinta. Wadda ta fi wannan tsanani ita ce matar wanda aka rubuta ya ɓace. Ba takardar shaidar mutuwa, don haka ba haƙƙin mamaci, kuma sunansa ba ya hawa bango. Ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Bajon da ake sayarwa kafin ranar, ai don irin waɗannan aka ce ana tara kuɗin. A riƙa buga abin da aka tara da inda ya tafi.

Ɗan_Jarida_Sak:
In dawo da mu kan tambayar farko. 8 ga Mayu 1945 Turai na shagalin faɗuwar Hitila, a wannan ranar aka fara kashe-kashen Setif da Gelma a Aljeriya, bayan masu zanga-zanga sun ɗaga tutar neman 'yanci. Turawa kimanin 100 suka mutu, ramuwar sojan Faransa ta ci dubbai, Aljeriya na cewa 45,000. A 2020 ta mayar da ranar ta tunawa ta ƙasa. Kwanan wata ɗaya, wannan gaɓar teku ana murna, waccan ana makoki. Haka sansanin Tiyaroye kusa da Dakar, 1 ga Disamba 1944. Sojojin Afirka ta Yamma da suka fito daga hannun Jamusawa suka nemi bashin albashinsu, aka buɗe musu wuta. Sojan Faransa ya ce 35, masana tarihi na kai adadin ɗaruruwa. Sai a Nuwamban 2024, shekara 80, Macron ya kira abin kisan kiyashi a rubuce.

Lauyan_Zaure:
Wani lokaci ma agogo ne ke haifar da siyasar. Miƙa wuyan Jamus ya fara aiki ƙarfe 11 da minti 1 na daren 8 ga Mayu agogon tsakiyar Turai, a Mosko kuwa 9 ga wata ta riga ta shiga. Bambancin bai wuce nan ba. Amma yau ranar da ƙasa ta riƙe tana nuna ɓangaren da ta jingina, shi ya sa Yukren ta yi doka a 2023 ta koma 8 ga Mayu. Ita kanta Tarayyar Sobiyat, mai mamata wajen miliyan 27, ta yi shekaru ba ta ba da hutu a ranar ba, sai 1965 zamanin Brezhnev aka dawo da shi.

Gaskiya_Ɗaci:
Mai_Rajista na cewa a rubuta kowa. To ga inda rubuta kowa ya zama fitina. Wurin bautar Yasukuni a Tokyo na da sunaye kusan miliyan 2.5. A 1978 aka shigar da 14 daga manyan waɗanda aka tuhuma da laifukan yaƙi, cikinsu har da Tojo, firayim ministan Japan a lokacin yaƙin duniya na biyu. Sarki Hirohito bai sake taka wurin ba har ya mutu, kuma sau da dama in shugaban gwamnatin Japan ya je, Sin da Koriya ta Kudu kan yi Allah wadai. 15 ga Agustan da Japan ke makoki ita ce ranar 'yancin Koriya. Suna 14 sun rinjayi miliyan biyu da rabi.

Mai_Rajista:
Gaskiya ne, kuma dabarar sojan da ba a san shi ba, wato a binne gawar soja ɗaya marar suna a madadin kowa, tana kauce wa irin wannan: marar suna ba shi da jam'iyya, ba shi da laifi. Faransa ta jera akwatuna takwas a Bardun ran 10 ga Nuwamba 1920, daga fagagen daga daban-daban, aka ce wani matashin soja, Auguste Thin, ya zaɓa. Ya haɗa lambobin rundunarsa ta 132, ɗaya da uku da biyu, ya ɗora furen kan na shida. Amma gwajin ƙwayoyin halitta ya kusa rufe wannan babin. Amurka ta binne na yaƙin Biyetnam a 1984, a 1998 aka tono shi aka gano matuƙin jirgi ne, Michael Blassie, aka miƙa wa danginsa, ramin na nan wayam. A tsibiran Fokland ƙungiyar agaji ta Red Cross ta tono sojojin Ajantina 122 marasa suna a 2017, fiye da 100 sun samu sunansu. Sharaɗin dai a samu jinin dangi na kusa da za a gwada da shi, kuma iyaye ba sa jira har abada.

Ɗan_Boko_77:
Masu cewa a mayar da ranar hutu su dubi Amurka. Suna da biyu, ta mamata a Mayu, ta tsofaffin sojoji masu rai ran 11 ga Nuwamba, ba sa cakuɗa su. Ta mamatan 30 ga Mayu ce tun 1868. Dokar 1968 ta mayar da ita Litinin ɗin ƙarshe ta wata daga 1971 don a samu hutun kwana uku a jere, sai ta zama lokacin tafiye-tafiye da rangwamen kantuna. Ta Nuwamba ma an ɗauke ta zuwa Oktoba, jihohi da tsofaffin sojoji suka ƙi, dole aka mayar da ita a 1978. Holan ba ta ba da hutu ran 4 ga Mayu, amma ƙarfe 8 na dare jiragen ƙasa ma tsayawa suke na minti biyu. Washegari, 5 ga wata, sannan a yi bikin 'yanci.

Kundin_Tarihi:
Wannan na Holan ya ja hankalina, makoki yau, murna gobe, ba a haɗa su a kwano ɗaya ba. Da Najeriya za ta bar 15 ga Janairu ga soja, ta ware wata rana ga duk wanda yaƙi da rikici suka ci, soja da farar hula, kowane ɓangare, me zai hana?

Hajjo_Mai_Alli:
Abin da zai hana shi ne tambayarka ta farko, Malam Kundi: wace rana? Ka ɗauki 6 ga Yuli, ranar da aka fara harbi a 1967, wani zai ce tsokana ce. Ka ɗauki wadda ba ta da tarihi, ka faɗa ramin 5 ga Disamba da Lauya ya ba da labari, ba mai zuwa sai jami'ai. Sauya ranar a takarda ba shi ne wahala ba, an ga yadda aka ɗauke ranar dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu zuwa 12 ga Yuni, sanarwa a 2018, doka a 2019. Amma can mutum ɗaya ake karramawa, wato Abiola, ba a ce kowa ya kawo mamatansa ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni dai ban yarda sai an samu ranar da ba ta ɓata wa kowa rai ba sannan a fara. Afirka ta Kudu wadda ta fi zafi ta ɗauka.

Tsohon_Samanja:
Tunda Hajiya ta ambaci 29 ga Mayu, ita ce kuma ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke tuna sojojin kiyaye zaman lafiya, tana ba iyalan waɗanda suka mutu ƙarƙashin tutarta lambar Dag Hammarskjöld. Waɗanda suka faɗi a Laberiya daga 1990 da Saliyo bayan nan a rundunar ECOMOG ba sa cikin wannan lissafin, don ƙarƙashin ECOWAS suka je, ba Majalisar ba. Mai_Rajista, su a wane kundin za a neme su?